Walter Knott da Layin Masu Jiran Soyayyar Kaza

Idan ana maganar wuraren shaƙatawa na Amurka, irin waɗanda magidanci ke kwasar iyalinsa su je su wuni, Disneyland ne ke fara zuwa baki. Amma kimanin kilomita 11 daga can, a garin Buena Park na jihar Kalifoniya, akwai wani wurin da ya girme shi, ana ce masa Knott's Berry Farm. Wanda ya kafa shi, Walter Knott, manomi ne, kuma bai taɓa zama ya zana filin wasa a takarda ya nufi banki neman rance ba. Gona ya fara, gonar ta haifi rumfa a bakin hanya, rumfar ta haifi gidan abinci, gidan abincin ya haifi layi, layin kuma ya haifi filin wasa. Kowane reshe ya tsiro ne daga wata matsala da wanda ya gabace shi ya jawo. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a tarihin wannan mutum shi ne tambayar wa ke ciyar da wa. Shekaru da dama tukunya ce ke riƙe da wasa. Daga baya lamarin ya juye, kuma ranar da ya juye ita ce ranar da wurin ya fara zama wani abu dabam.

An haifi Knott ranar 11 ga Disamba, 1889, a San Bernardino. Mahaifinsa fasto ne, ya rasu yaron yana ɗan shekara shida, sai uwar ta koma Pomona da 'ya'yanta. Tun yana ƙarami yake noman kayan lambu a filayen da masu su suka bari ba gini, yana bi gida-gida yana sayarwa. A 1911 ya auri Cordelia Hornaday. Bayan 'yan shekaru ya ɗauki iyalinsa zuwa hamadar Mojave, ƙarƙashin dokar da ke mallaka wa mutum fili idan ya zauna a kansa ya noma shi na wani lokaci. Ƙasar ta ƙi. Sai ya riƙa fita ƙwadago don a samu na sawa a baki, har ya yi aikin kafinta a Calico, wani tsohon garin haƙar azurfa da ya riga ya zama kufai. Daga nan suka koma Shandon, ya yi noma a gonar wani, Cordelia kuma tana yin alawa a gida ana sayarwa. Ya kai shekara talatin ba shi da abin nunawa sai 'ya'ya da gogewa.

A 1920 wani ɗan uwansa, Jim Preston, ya jawo shi Buena Park suka karɓi hayar eka 20 suka shiga noman beri, wato ƙananan 'ya'yan itacen nan masu zaƙi da ɗan tsami da Turawa ke ci ɗanye ko su dafa da sukari su yi jam. Matsalar beri ita ce ba ya jira. Yau aka tsinke, jibi ya fara lalacewa, don haka dillali ne ke yanke farashi, manomi kuwa sai dai ya karɓa. Knott ya lura cewa gonar tana bakin hanyar da mutanen Los Angeles ke bi zuwa gaɓar teku ranakun hutu, a daidai lokacin da mota ta fara shiga hannun talaka a Amurka. Sai ya kafa rumfa a bakin titi yana sayarwa kai tsaye ga masu wucewa, ribar da dillali ke ci ta dawo aljihunsa. A 1927 suka raba gari da Preston, Knott ya sayi eka goma na gonar a kan zai riƙa biya a hankali. Shekarar da ta biyo ya gina kasuwar beri ta dindindin, da wurin sayar da dashe, da ɗan ɗakin shan shayi inda Cordelia ke sayar da burodi da jam da kek ɗin beri. Ba a jima ba tattalin arzikin Amurka ya karye a 1929, farashin ƙasa da na amfanin gona suka faɗi warwas, bashin fili kuma yana nan a wuyansa.

Abu biyu ne suka fitar da gidan daga wannan rami, kuma babu ɗaya daga ciki da Knott ya ƙirƙira da hannunsa. Na farko wani irin beri ne. Wani jami'in ma'aikatar gona ta Amurka, George Darrow, ya ji labarin wani babban beri da wani mai suna Rudolph Boysen ya samar ta hanyar auratayyar iri daban-daban. Ya zo Kalifoniya nema, ya nemi taimakon Knott saboda an san shi a harkar. Suka iske Boysen ya daɗe da barin gonar, ya koma aikin kula da lambunan garin Anaheim. A tsohuwar gonar suka tarar da 'yan tsirrai kaɗan sun ƙanjame a cikin ciyawa. Knott ya kwaso su ya yi ta reno har suka farfaɗo, kuma zuwa tsakiyar shekarun 1930 yana sayar da 'ya'yan da dashen duka. Ya raɗa wa irin suna boysenberry, don girmama mai shi. Wannan halin kirki ne, kuma ya kamata a faɗa. Sai dai a faɗi ɗaya gefen ma: Boysen ya tashi da suna, Knott ya tashi da kasuwa.

Na biyu shi ne wanda ya fi muhimmanci, kuma daga madafa ya fito. A watan Yuni na 1934, da kuɗin gida suka ƙi kaiwa, Cordelia ta soya kaji ta saka a cikin abin da take sayarwa a ɗakin shayi. Ranar farko mutum takwas suka ci, kowanne ya biya santi 65, kuma a farantan da aka ba ta na aure ta zuba musu, don ba ta da wasu. Abincin ba wani abin mamaki ba ne: soyayyar kaza, da dakakken dankalin turawa da romo, da ƙananan burodi masu zafi, da ɗan kayan lambu, sannan a rufe da kek ɗin boysenberry. Irin abincin da Ba'amurken da ya taso a ƙauye ke ci ne ranar Lahadi a gidan uwarsa. Kudancin Kalifoniya kuwa a lokacin cike yake da baƙi da suka baro ƙauyukan tsakiyar ƙasar, irin su Iowa da Kansas da Oklahoma, suna kewar gida, kuma aljihunsu ba nauyi. Cordelia ta ba su ɗanɗanon da suka baro a farashin da za su iya.

An sha ruwaito cewa ita kanta ba ta so a ce ta buɗe gidan abinci, tana ganin abin na ɗan lokaci ne kafin al'amura su daidaita. Jama'a ba su bar ta ba. 'Ya'yanta mata, Virginia da Toni da Marion, su ne masu kai abinci, ɗanta Russell yana taimaka wa uban, matan unguwa aka ɗauka aikin fiɗa da suya. Aka yi ta faɗaɗa ɗakin, ana ƙara kujeru, amma kullum mutane sun fi kujerun yawa. Zuwa 1940 akan sayar da abinci har faranti 4,000 a ranar Lahadi guda, mutum kuma yakan yi awa biyu ko uku a tsaye kafin a kira sunansa.

A nan ne nake ganin basirar Knott ta gaskiya take. Mai gidan abinci da ya ga layi a ƙofarsa, hanyoyi uku ne a gabansa a bisa al'ada. Ko ya ƙara farashi har layin ya ragu, ko ya rage inganci don a yi sauri, ko ya buɗe rassa a wasu garuruwa. Hanya ta ukun ita ce wadda Harland Sanders na KFC da Ray Kroc na McDonald's suka bi a shekarun 1950, suka mamaye duniya da ita. Knott bai bi ko ɗaya ba. Ya ɗauki lokacin da mutum ke ɓatawa a layi tamkar bashi ne a kansa, wanda dole ya biya da wani abu. Mutumin da ya tuƙo mota daga Los Angeles da mata da yara, ya tsaya awa uku a rana yara suna kuka, ko kazar ta kai yaya daɗi, zai yi tunani sau biyu kafin ya dawo. Idan kuwa a cikin awa ukun akwai abin kallo, to jiran ya zama wani ɓangare na fitar.

Ya fara da ƙananan abubuwa. Ya yi lambun duwatsu da ruwa mai gangarowa. Ya kwaikwayi murhun gidan George Washington, shugaban Amurka na farko. Akwai wani bututun ban-ruwa da ya tsaya ƙiƙam yana ɓata wa wurin kyau, sai ya sa aka kwaso duwatsu daga hamada aka lulluɓe shi, aka mayar da shi ɗan dutse mai aman wuta, yana ruri yana fitar da hayaƙi. Sannan a 1940 ya fara abin da ya zama zuciyar wurin, wato Ghost Town, kwaikwayon kufan garuruwan masu haƙar zinariya da azurfa na yammacin Amurka. Ya riƙa yawo a hamada yana sayo tsoffin gine-ginen katako da amalanke da kayan aikin da aka watsar, wasu a kwance su a sake haɗawa a gonarsa, wasu kuma a gina sababbi a tsufar da su da gangan.

A leƙa cikin garin kaɗan don a ga irin tunaninsa. A tagogin shagunan akwai mutum-mutumin katako da wani masassaƙi, Andy Anderson, ya sassaƙa: wanzami da wanda yake wa aski, masu caca a kan tebur, mai wanki ɗan Sin. A ƙarshen wani lungu akwai ɗan kurkuku, a ciki wani fursunan katako mai suna Sad Eye Joe yana zaune ya yi tagumi. Yaro zai leƙa ta tsakanin ƙarafa, sai ya ji fursunan ya kira sunansa, ya tambaye shi labarin makaranta ko na karensa. Ashe uban ne ya zagaya ta baya ya raɗa wa wani ma'aikaci da ke ɓoye da makirufo. Kuɗin da aka kashe a kan wannan bai taka kara ya karya ba, amma yaron zai tsufa yana ba da labari. Daga baya aka ƙara wurin wanke ƙasa a faranti don neman ƙwayar zinariya, da keken dawaki, sannan a farkon shekarun 1950 Knott ya sayo jirgin ƙasa na gaske mai aiki da tururi daga kamfanin Denver and Rio Grande na Colorado, wanda ke shirin watsar da ƙananan layukansa. Jirgin na cikin tafiya sai 'yan fashi masu rufe fuska su faɗo cikin tarago da bindigogin wasa, fasinjoji suna ihu suna dariya.

Duk wannan, shiga kyauta ne. Babu katanga, babu ƙofa, babu kuɗin ajiye mota. Wanda ya ga dama ya hau jirgi ko keken dawaki ya biya ɗan abin da aka yanka, wanda bai so ba ya zagaya ya sha kallo ya tafi. Lissafin a fili yake: garin kufai yana jawo mutane ya riƙe su, su kuma su ci kaza, su sayi jam, su shiga shagon tsaraba da Virginia ta fara a kan ɗan tebur a zauren gidan abinci. Ribar kaza ce ke sayen katako da fenti. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma haka Knott ya yi gini, abin da ya shigo bana shi ake ginin baɗi da shi. Wannan ya sa girman ya zo a hankali, amma ya sa babu wani mai hannun jari daga waje da zai ce masa ga abin da zai yi. A 1947 aka sa wa wurin sunan da yake ɗauke da shi har yau.

Ba zai yiwu a bayyana nasarar da basira kaɗai ba. Wurin da gonar ta faɗo ya yi masa rana ƙwarai. Gundumar Orange, inda Buena Park take, mutanenta ba su wuce 130,000 da 'yan kai ba a 1940. Zuwa 1960 sun haura 700,000, zuwa 1970 sun kai miliyan 1.4. Yaƙin Duniya na Biyu ya kawo sansanonin soja da masana'antun jiragen sama, bayan yaƙi kuma aka sare gonakin lemo aka yi unguwanni, aka shimfiɗa manyan tituna. Kasuwa ce ta taso ta iske shi har gida. Manoma da yawa maƙwabtansa sun sayar da filayensu ga masu gina gidaje sun tashi. Shi ya zauna, yana ƙara sayen fili.

A ranar 17 ga Yuli, 1955, Walt Disney ya buɗe Disneyland a Anaheim, bayan ya kashe dala miliyan 17, da tallafin gidan talabijin na ABC. Wannan gini ne na daban tun daga tushe: an zana komai kafin a sa bulo, an kewaye shi, ana biya kafin a shiga, abinci kuma ɗan rakiya ne. Disney ya sha zuwa gonar Knott yana kallon yadda jama'a ke zirga-zirga, kuma mutanen biyu suna mutunta juna. Mutane da yawa sun ɗauka ƙarshen Knott ya zo. Sai ga shi akasin haka ya faru, domin wanda ya taso daga wata jiha don ganin Disneyland yakan ware yini guda ya je ya ci kazar Misis Knott. Amma Disneyland ta canza abin da jama'a ke tsammani. Tsohon gini da mutum-mutumin katako sun daina isa.

Amsar Knott ta zo ta hannun wani maƙerin kayan wasa, Bud Hurlbut, wanda ke gina abubuwan hawa da kuɗinsa a cikin gonar, yana ba gidan kaso. A 1960 Hurlbut ya buɗe Calico Mine Ride, wani ƙaton dutse na ƙarfe da siminti da ƙaramin jirgi ke ratsa cikinsa, ana ganin masu haƙar ma'adinai da koguna na ƙarƙashin ƙasa. Abin lura a nan, layin shiga an ɓoye shi ne a jikin dutsen, yana lanƙwasa yana hawa, ta yadda mai zuwa ba ya ganin tsawonsa, mai jira kuma yana da abin kallo. Ana yawan danganta wannan dabara da Hurlbut, kuma yau kusan babu babban filin wasa a duniya da ba ya amfani da ita. Darasin layin kaza ne aka mayar da shi gini. A 1969 ya ƙara Timber Mountain Log Ride, inda ake zama a cikin kwale-kwale mai siffar gungume ruwa ya gangaro da shi, kuma ɗan wasan fim John Wayne ne ya buɗe shi.

Akwai wani gefen Knott da ba a raba shi da kasuwancinsa, ko da yake masu tallan wurin a yau ba su cika ambatonsa ba. Garin kufan ba don nishaɗi kawai ya gina shi ba, wa'azi ne. Mahaifiyarsa tana ƙarama aka zo da ita Kalifoniya daga Texas a keken shanu a 1868, kuma abin kallo na farko da ya sa a garin hoton wannan tafiya ne, da murya tana ba da labarin ƙishirwa da wahalar hanya. Saƙonsa shi ne cewa mutanen da suka gina yammacin Amurka ba su jira gwamnati ba, don haka na yanzu ma kada su jira. Ya kafa wata cibiya a gonar da ke buga ƙasidu kan 'yancin kasuwanci da adawa da kwaminisanci, ya mara wa Barry Goldwater baya a zaɓen shugaban ƙasa na 1964, yana kuma cikin waɗanda suka tallafa wa Ronald Reagan tun farkon shigarsa siyasa. A ranar 4 ga Yuli, 1966, ya buɗe kwafin Independence Hall, ginin Philadelphia da aka ayyana 'yancin Amurka a cikinsa a 1776, daidai da girman na asali.

Ban shakkar cewa da zuciya ɗaya ya yi imani da wannan. Mutumin da ya ci wuya a hamada yana da hujjar ganin ƙwazo a matsayin komai. Amma labarin da ya bayar guntu ne, kuma rayuwarsa da kanta ta nuna haka. Filin da ya fara nomawa a Mojave gwamnati ce ta bayar. Irin berin da ya ɗaga shi, jami'in gwamnati ne ya zo da labarinsa. Titunan da suka kawo masa masu ciniki da kuɗin haraji aka yi su, ma'aikatan masana'antun jiragen da ke cika masa kujeru kuma kwangilar soja ce ke biyansu. Mafi nauyi, yammacin da ake nunawa a garin nasa ba fili ne da babu kowa ba lokacin da kekunan shanu suka iso. 'Yan asalin Kalifoniya an kashe su da yawa an kuma ƙwace ƙasarsu a shekarun da suka biyo bayan rububin zinariya na 1849, 'yan Sin da suka yi aikin dogo da ma'adinai kuma an yi dokar hana shigowarsu a 1882. A garin Knott waɗannan mutane ado ne a gefen hanya, a ɗauki hoto da su a wuce. Miliyoyin yara sun fara sanin tarihin ƙasarsu ne ta wannan taga, kuma wannan ma yana cikin abin da ya bari.

Inda ya yi abin da ba na jin akwai mai kushewa shi ne Calico ta gaske. An gano azurfa a can a 1881, garin ya cika ya batse, sannan ya mutu a shekarun 1890 da farashin azurfa ya karye. Kawunsa, John King, yana cikin waɗanda suka zuba kuɗi a babbar mahaƙar garin. A 1951 Knott ya sayi kufan gaba ɗaya, ya kashe kuɗi mai yawa yana gyara abin da ya rage yana sake gina abin da ya rushe, sannan a 1966 ya miƙa shi kyauta ga gundumar San Bernardino. Masana tarihi suna da ƙorafi a kan cewa wasu gine-ginen sun fi kama da na fim fiye da na asali, amma ba don shi ba da wuya a ce wani abu ya saura a tsaye.

Sai 1968, shekarar da aka kewaye wurin da shinge aka fara karɓar kuɗin shiga. Dalilin da aka bayar shi ne matasa da ke taruwa suna kwana a ciki suna ɓarna. Wannan gaskiya ne, amma akwai lissafi a ƙarƙashinsa. Dutsen Hurlbut da makamantansa ba abin da ribar kaza za ta iya ɗauka ba ne, kuma gasa da Disneyland tana nufin kowace 'yan shekaru sai an kawo sabon abu mafi girma. Dole wasan ya fara ciyar da kansa. Gidan abincin aka bar shi a wajen shinge, inda kowa zai iya shiga ba tikiti, kuma hakan ya raba abin da a da yake ɗaya. Wanda ya zo cin kaza ba ya ganin garin kufai sai ya biya, wanda ya biya ya shiga kuwa ba lallai ya fito cin kaza ba. Daga nan ma'aunin nasara ya tashi daga yawan farantai ya koma yawan masu ratsa ƙofa.

Cordelia ta rasu a 1974. Walter, wanda ciwon karkarwa ya riga ya kama, ya janye daga harkokin yau da kullum, ya ci gaba da zama a cikin gonar har ya rasu ranar 3 ga Disamba, 1981, saura kwana takwas ya cika shekara 92. 'Ya'yan ne suka riƙe ragama, musamman Marion, kuma sun fahimci sabon zamanin fiye da uban. A 1973 aka fara bikin dare na ban tsoro a lokacin Halloween, bikin shigar dodanni na ƙarshen Oktoba, wanda ya mayar da watan Oktoba, da a da kasuwa ke mutuwa, ya zama lokacin cin riba, sauran filayen wasa kuma suka kwaikwaya. A 1975 suka kawo Corkscrew, jirgin lilo na zamani na farko da ke juya mutane kai ƙasa. A 1983 suka buɗe sashen ƙananan yara na Camp Snoopy. Sun yi ƙoƙari matuƙa, amma kowane mataki yana ƙara nisanta wurin daga gona yana kusanta shi da sauran filayen wasa, inda mai babban jari ne ke cin kasuwa.

Nan ne tsarin Knott ya nuna iyakarsa. Gini da ribar hannu yana aiki idan abin da za a gina ɗan kurkuku ne ko tsohon tarago. Idan jirgin lilo guda zai ci miliyoyin daloli, abokan gasa kuma kamfanoni ne masu filaye a jihohi da dama, iyali guda ba za su iya ba, balle ga 'ya'ya sun tsufa, jikoki sun yi yawa, kowa da ra'ayinsa. A 1995 suka sayar da kasuwancin jam da sauran kayan kwalba ga kamfanin abinci na ConAgra. A 1997 suka sayar da filin wasan ga kamfanin filayen wasa na Cedar Fair na jihar Ohio, kuma an ruwaito cewa sun ƙi tayin Disney don gudun kada a shafe abin da iyayensu suka gina. Cedar Fair ta fara da zuba manyan jiragen lilo, daga baya ta gane cewa tsohon garin shi ne abin da babu wanda ke da irinsa, sai ta gyara ayyukan Hurlbut guda biyu, ta kuma ƙirƙiro bikin boysenberry na shekara-shekara.

Noman beri na kasuwa ya daɗe da ƙarewa a wurin. Yau New Zealand ce kan gaba wajen noman boysenberry, sai jihar Oregon. Tambarin jam ɗin ya koma hannun kamfanin Smucker a 2008, kuma a 2024 kamfanin ya daina kai shi kantuna. A watan Yuli na 2024 Cedar Fair ta haɗe da wani kamfanin filayen wasa, Six Flags, don haka manyan shawarwari kan gonar Knott suka koma fitowa daga Charlotte ta jihar North Carolina, inda wurin yake ɗaya daga cikin filaye da dama a littafin lissafi guda. Babban abin da ake tallatawa shi ne tikitin shekara, wanda ya saye shi kuma ana yi masa tayin ya ƙara wani abu a kai don ya riƙa cin abinci duk ranar da ya zo.